Saƙon Juma'a da Malama Ta Ƙi Rubutawa

Ranar farko da na bi Malama aikin bincike, da haushi na koma gida. Na yi kwana biyu ina shirya tambayoyi, na buga su a takarda, na sayi sabon biro, na sa takalmi mai tsini don a san 'yar jami'a ce ta shigo lungu. Muka shiga wani gida a Nima, unguwar Hausawa a birnin Accra. Malama ta yi sallama, ta tuɓe silifas, ta zauna a kan benci, ta jawo tiren wake ta hau tsince tsakuwa tare da matar gidan. Suka yi hirar tsadar gawayi, suka koma ta wani biki, suka gangaro kan ciwon gwiwa. Har aka kira azahar ba a taɓa tambayoyina ba. Da muka fito na kasa haɗiyewa, na ce, "Malama, yau fa ba mu yi komai ba." Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Mun ci tuwo, ƙanwata." Sai ta ɗaga hannu ta tsayar da trotro, motar hayar da za ta mai da mu jami'a.

Malama haifaffiyar Nima ce, 'yar wani tela. Ta yi karatu har ƙasar waje, ta dawo da digirin dokta, ta shekara da shekaru tana koyarwa. Abin da ta ba rayuwarta a kai shi ne yadda wayar hannu ta shiga tsakanin iyaye da 'ya'yansu a zango, wato unguwanninmu na Hausawa: wa ke riƙe wayar gida, wa ke karanta wa wa saƙo, yaya uwa ke tsawata wa ɗan da ya fi ta sanin abin da ke hannunta. Mutanen unguwa ba su damu da wannan dogon bayani ba. Sun ji dokta, sun ji waya, shi ke nan suka raɗa mata Doktan Waya, suka dinga kawo mata wayoyinsu da suka mutu. Ba ta taɓa cewa ba aikinta ba ne. Takan karɓa, ta hure ramin caji, ta goge da tsohon buroshin haƙori da take yawo da shi a jaka, sau da yawa kuma wayar ta tashi. Ni kuwa 'yar Maamobi ce, ina digiri na biyu a lokacin. Ta ɗauke ni mataimakiya saboda ina jin Hausa da Twi, yaren 'yan ƙasa, hannuna kuma yana gudu a kwamfuta. Haƙuri ne dai Allah bai ba ni da yawa ba, har yau kuma ban samu ƙari ba.

Shekara biyu suka rage mata ta yi ritaya lokacin da na same ta. Sau biyu ta nemi matsayin farfesa, sau biyu ana ce mata rubuce-rubucenta ba su kai ba. To yaya za su kai, mace tana ɓata wata guda a gida ɗaya kafin ta rubuta layi? Abokan aikinta kan raba takardun tambaya da safe, su tattara da yamma, kafin sati ya zagayo sun fitar da maƙala. A shekarar nan wata mujalla ta ƙasar waje ta nemi ta aiko musu da rubutu a kan iyaye mata da ke renon 'ya'yansu daga nesa ta waya. Idan suka buga, takardunta sun cika, kuma wannan ce damarta ta ƙarshe. Kowa a sashenmu ya san haka. Ni na ɗauki abin da zafi fiye da ita, ko kuma haka na zata.

Dokokinta biyu ne. Ta farko, ba a fito da rekoda a gida sai an ci abincin gidan sau uku. Ta biyu ta shafe ni kai tsaye, domin ni ke zama da iyafis, abin sauraro, a kunne ina mayar da abin da aka naɗa rubutu. Ta ce duk abin da kunnena ya ji in rubuta, ba maganar mutane kawai ba. Idan zakara ya yi cara, in rubuta. Idan an yi tari, ko an buga tabarya, ko an yi shiru, in rubuta, in kuma faɗi tsawon shirun. Na taɓa ce mata, "Malama, shi ma zakaran ya sa hannu a takardar amincewa?" Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce in koma in rubuta shi, ai shi ma ɗan gidan ne.

A cikin gidajen da muke zuwa akwai na wata dattijuwa a Maamobi, kusa da babbar kwatar da ta raba mu da Nima. Kowa Hajiya mai koko yake ce mata. Tun bayan sallar asuba take kafa teburinta a ƙofar gida, da babbar tukunyar koko da ƙosai a kwando, mutane na layi da kofuna. Tana riƙon jikarta, yarinya 'yar shekara tara, siririya mai manyan idanu, wadda ba ta cika magana ba. Uwar yarinyar, babbar 'yar Hajiya, ta tafi aikatau wata ƙasar Larabawa tun yarinyar tana ƙarama. Duk ranar Juma'a da safe saƙon murya kan shigo wayar Hajiya daga uwar. Saboda wannan saƙon muka zaɓi gidan.

Na ga yadda ake sauraronsa da idona. Yarinyar kan gama shirin makaranta tsaf, ta sa safa, ta zauna a bakin gado ta haɗa gwiwoyi, kamar wadda za a ɗauka hoto. Hajiya ta goge hannu a zane, ta danna. Muryar ta gaishe ta, ta tambaye ta karatu, ta ce ta ji an ce ta bar shinkafarta jiya, kada ta sake. Ta ce ta taya Kaka wanke kofuna, ta daina tsayawa kallon talabijin a shagon aski. A ƙarshe ta sa mata albarka. Yarinyar kan amsa kowace jimla da "To, Mama," a hankali, ko da yake ta san ba a jin ta. Daga nan ta naɗa nata amsar, Hajiya ta aika. Hajiya ta yarda ta tura mana wasu daga cikin saƙonnin, ta dangwala yatsa a takarda, aikin mayar da su rubutu ya faɗo kaina.

Wata ranar Talata da hantsi ina ofis ina fama da su. Na farkon duk iri ɗaya ne: murya ƙasa-ƙasa, ƙarar na'urar sanyaya ɗaki, wani lokaci a ji wata mata tana kira da Larabci daga nesa. Da na zo kan na baya-bayan nan sai na lura na'urar ta daina ƙara. Ban kawo komai a raina ba. Na ci gaba da bin dokar Malama, ina rubuta ƙarar ƙofa, ina rubuta kukan akuya. A saƙo na gaba, daidai inda muryar ke cewa yarinya ta riƙa yin addu'a kafin ta kwanta, can baya na ji wani namiji yana ƙwala kira. Na mayar baya, na ƙara sauti. Kwandastan trotro ne, yana kiran fasinja, "Nima, Maamobi, Nima, Maamobi!" Na cire iyafis na ajiye a tebur. Na sake sawa, na saurara sau biyar, kiran yana nan inda yake.

Ba zan ɓoye ba, abin da na fara ji murna ce. Na ruga ofishin Malama ko sallama ban yi ba, na ce, "Malama, matar nan ba ta Larabawa, tana nan Accra!" Ta karɓi iyafis ɗin ta saurara, idonta a rufe. Ta ce in sa mata na farko, na sa. Ta ce in sa na ƙarshe. Da ta gama ji ta ce, "Ba mutum ɗaya ba ce. Ta farkon tana jan numfashi kafin ta kira sunan yarinyar. Wannan ba ta ja." Ni da na kwana uku da muryoyin a kunnena ban ji wannan ba. Ta tashi ta ɗauki mayafinta, ta ciro rekoda daga jaka ta sa a aljihun tebur ta kulle. Ta ce mu je mu gaida Hajiya.

Mun same ta tana wanke tukunya, yarinyar tana makaranta. Malama ba ta yi gaggawa ba. Ta gaishe ta, ta tambayi kasuwa, ta tambayi ƙafa. Sai da muka shiga ɗaki ta ce, "Mma, akwai abin da kunnenmu ya ji a cikin saƙon nan. Ban zo don in tone ki ba. Na zo don kada ki zauna kina zaton ba mu sani ba alhali mun sani."

Hajiya ta zauna a ƙasa, ta miƙe ƙafafu. Ta dubi Malama, ta dube ni, ta ce, "Ei, Dokta." Sai hawaye.

Da ta samu bakin magana ta ce, da Hausarta ta zango da ba ta raba mace da namiji, "Ɗiya na ya yi shiru. Ya fi shekara guda ban ji shi ba kraa, ko kaɗan. Waya nashi a kashe. Mutumin da ya kai shi ya ce bai san komai ba. Na je wurin malamai, na je wurin waɗanda suka dawo, ba wanda ya gan shi." Ta ce Juma'a ta farko da saƙo bai zo ba, ta gaya wa yarinyar matsalar netuwok ce. Ta biyu ma haka. A ta uku yarinyar ta daina cin abinci, ta daina wasa, takan zauna da wayar a cinya har barci ya ɗauke ta. Hajiya na da wata 'yar, autarta, da ke aure a unguwar Kotobabi, nan cikin Accra, wadda tun suna yara ba a bambanta muryarta da ta yayarta. Ita ce ta ce a gwada sau ɗaya, yarinyar ta samu ta ci abinci. Daga sau ɗayan nan aka kai inda ake. Duk Alhamis Hajiya kan kira ta, ta ba ta labarin abin da yarinyar ta yi a satin, ita kuma ta shiga bayan gida ta naɗa. Mutum uku ne kawai suka sani a duniya, har da mijin autar. Mu muka zama ta huɗu da ta biyar.

Ni a zaune nake, amma kaina ya riga ya fara rubutu. Na san babu wanda ya taɓa kawo irin wannan a duk abin da na karanta. Ga uwa ta ɓace, ga kaka da ƙanwar uwa sun ari murya suna renon yarinya da ita. Da wannan a cikin maƙalar, babu editan da zai mayar da ita. Shi ya sa na yi abin da ba hurumina ba, na tsallake Malama na ce, "Hajiya, za mu iya rubuta wannan? Za mu canja suna, ba wanda zai gane."

Hajiya ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Yoo, na yarda. Dokta ai ɗiya na ne, ya ci tuwo na. In zai taimake shi a aiki, ku rubuta."

Malama ta riƙe hannun Hajiya, suka yi addu'a, muka fito.

A satin na zauna na rubuta sashen, shafi shida, kuma ba yabon kai ba, ban taɓa rubuta abu mai kyansa ba. Na ba Hajiya wani suna, na ba yarinyar wani, na tura wa Malama. Washegari ta dawo mini da maƙalar babu shafukan. Na shiga ofishinta da takardun a hannu. Na ce matar nan ta yarda, ga yatsanta a takarda, ga bakinta ta faɗa a gabanmu, duk abin da dokar jami'a ta nema mun cika.

Ta ce, "Zauna, ƙanwata." Na ƙi zama. Ta ce, "To tsaya. Kin san me ya sa nake cin abincin mutane sau uku? Don su saki jiki su gaya mini gaskiya. Amma wadda kika ci tuwonta sau uku ba za ta iya kallon idonki ta ce miki a'a ba. Kunya ce ta amsa miki, ba ita ba. Ni na jawo wannan kunyar da hannuna, don haka ni zan ce a'ar a madadinta."

Na ce ai mun canja suna. Ta ce, "Masu koko nawa ne a bakin kwatar nan da ke da 'ya a Larabawa, wata a Kotobabi, da jika a ɗaki?" Na ce to mu mai da ita mai waina, mu kai ta wata unguwa. Ta ce ko mun kai ta Kumasi, da zarar labari ya fita cewa a zango akwai gidan da ake arar murya, duk yaron da uwarsa ke waje zai koma ya sa kunne, ita ma yarinyar za ta sa. Na ce wa zai karanta mujallar Turanci a Maamobi?

Nan ta yi murmushi, domin ta san na san amsar. Duk lokacin da Malama ta buga wani abu, sai wani ɗalibi ɗan unguwa ya ɗauki hoton shafukan ya zuba a guruf ɗin dangi, daga nan ya tsallaka na 'yan masallaci, na tsofaffin ɗalibai, na matan adashi, ana ta cewa ga 'yarmu ta sake fitowa a takardar Turawa. Sannan a zauna wasan canki-canka. Maƙalarta ta baya, wadda ta kira mutane magidanci na ɗaya, magidanci na biyu, kafin la'asar an gama gano kowa. Wani wanzami har yau yana bugun ƙirji cewa shi ne magidanci na uku, ya sa an buga masa shafin ya manna kusa da madubi. Ni kaina na yi dariyar wannan lokacin da abin ya faru. A ranar dai ban ga abin dariya ba.

Na ce mata, "Shi ya sa har yanzu kike inda kike, yaran da kika koyar suna wuce ki." Da bakina na faɗa, ga mace da ta girmi uwata. Ina gama faɗa na so ƙasa ta buɗe in shige. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Gaskiya ne." Sai ta juyo da kwamfutar wajena, ta buɗe inda muka adana saƙonnin Juma'a, ta ce tunda ni na ji su da kyau, ni zan goge su. Na goge ina kuka, kukan haushi, ba na tausayi ba. Shafukana shida ma ta sa na yaga a gabanta. Da na gama ta miƙo mini ruwa a leda ta ce in wanke fuska, akwai ɗalibai a waje.

Maƙalar ta tafi ba tare da gidan Hajiya ba. Aiki ne mai kyau, mai gaskiya, irin na wanda ya zauna da mutane. Bayan wata huɗu amsa ta zo cewa an yaba, amma ba a ga sabon abu a ciki ba. Kwamitin ƙarin girma ya zauna, sunanta bai fito ba. Wani da ta koyar a ajin farko, wanda ni shaida ce ita ta gyara masa babin farko na digirinsa, shi aka ba. Mutumin kirki ne, ya zo har ofis ya durƙusa ya gaishe ta, ta sa masa albarka da zuciya ɗaya.

Ni a lokacin na gama yanke wa kaina hukunci cewa Malama irin mutanen nan ne da matsayi bai dame su ba, shi ya sa abin ya zo mata da sauƙi. Da wannan tunanin na shiga wurinta da yammacin ranar, in ba ta haƙurin da nake zaton ba ta buƙata. Na same ta a tsaye gaban kabad, ta buɗe. A ciki akwai turamen atamfa iri ɗaya, shuɗi da ruwan zinari, a jere cikin ledarsu. Yayi ne, irin wanda mata ke ɗinkawa su fito iri ɗaya ranar murna. Ta saye su tun lokacin da mujallar ta rubuto mata, ba ta gaya wa kowa ba. Ta ce, "Har na ƙirga da ke."

Na ce, "Malama, kin yi nadama?"

Ta ce, "Sosai. Na so abin nan, ƙanwata, wallahi na so shi. Tun ina yarinya a shagon babana nake son a kira ni da sunan nan." Ta rufe kabad ɗin, ta jingina da shi. Ta ce da za a mayar da ita baya, abin da ta yi shi za ta sake yi, kuma ta sake yin nadamar. A ranar na fara ganin girmanta na gaske, na kuma ji kunyar kaina irin wadda ban taɓa ji ba. Na roƙe ta gafarar maganar da na gaya mata. Ta ce ta yafe tun a ranar, amma in rage baki, domin ba kowa ne zai ba ni ruwa in wanke fuska ba.

Ta yi ritaya a matsayin da take. Ba ta daina zuwa gidan Hajiya ba, ba ta kuma daina bin duk wadda ta dawo daga Larabawa da hoton uwar yarinyar ba. Babu wanda ya gan ta, har yau da nake wannan rubutu. Ni na ci gaba da karatu, yanzu ni ma ina koyarwa, ina da ɗalibai masu ɗan karen gaggawa da ke sa ni tunawa da kaina.

Wajen wata takwas bayan ritayarta, wata Laraba da yamma, Malama ta kira ni ta ce in same ta gidan Hajiya da sassafe. Abin da ya faru shi ne yarinyar ta girma, ta ga ƙawayenta suna magana da iyayensu ido da ido a waya, ta fara naci sai an kira mata Mama ta gan ta. Autar kuma ta ce ta gaji, ba za ta iya ƙara naɗa ko ɗaya ba, duk ranar da ta yi sai ta kwana ba ta ci abinci ba. Hajiya ta yanke shawarar gaya wa jikarta gaskiya da bakinta. Ta zaɓi safiya kafin ranar saƙo ta zo. Damuwarta ɗaya ce. A duk shekarun nan ba ta taɓa rufe teburin koko ba sai ranar Salla ko rasuwa. Idan aka wayi gari babu ita a ƙofa, kafin rana ta ɗaga rabin unguwa sun shigo tambayar lafiya, su tarar da yarinya tana kuka.

Na iso gari ya fara haske. Na tarar da Malama a bayan tebur, ta ɗaura zanen Hajiya a kan rigarta, ta naɗe hannun riga, tana juya koko da babban ludayi. Ta nuna mini kwandon ƙosai ta ce nan ne wurina. Autar ta zo daga Kotobabi, ta wuce ciki kanta a sunkuye. Hajiya ta leƙo ta dube mu, ta ja ƙofa ta rufe.

Layi ya fara. Direbobi, 'yan makaranta, mata da kwanuka. Malama na zuba koko, tana tsokanar kowa, tana tambayar wannan jikin mahaifiyarsa, tana ce wa wancan har yanzu bai kawo wayar tasa an duba ba. Wani ya ce ashe Doktan Waya ta canja sana'a, ta ce ai fansho ba ya cika ciki, aka kwashe da dariya. Can cikin ɗaki na ji sautin yarinyar, ƙara ɗaya doguwa, sai kuka. Hannuna ya tsaya a cikin kwando. Malama ba ta waiwaya ba. Ta sa gwiwar hannu ta ƙara muryar rediyon da ke kan tebur, ta ɗaga tata muryar tana kiran na gaba.

Wata maƙwabciya, irin waɗanda ba abin da ke wuce su, ta miƙo kofi tana leƙen ƙofar ta ce, "Dokta, ina Hajiya yau? Lafiya dai?"

Malama ta karɓi kofin ta ce, "Lafiya lau, tana ciki da jikarta. Da suga ko babu?"